Harbi na Biyu: Maharbin Ƙasar Kance da Makaminsa

Ƙasar Icirnawa, kamar sauran ƙasar Kance da Matameye a jihar Damagaram, yau gona ce ta haɗe da gona: gero da dawa da gyaɗa da wake a kan tudu, rake da kayan lambu a fadamun Korama, itatuwan gawo birjik a tsakani. Yankin yana cikin mafiya cunkoson jama'a a Nijar, kuma yaron da aka haifa a nan sai ya yi furfura bai taɓa jin rurin zaki ba. Duk da haka maharba ba su ƙare ba. Akwai gidajen da harbi gadonsu ne, kuma a faɗin ƙasar Hausa har gobe ana naɗa Sarkin Baka da Sarkin Dawa. Mutane da yawa sun ɗauka cewa ranar da bindiga ta shiga hannun maharbi, ran nan ya sami kariya daga zaki da damisa da ɓauna. Tarihin sana'ar ya nuna wani abu dabam. Bindiga ta ƙara wa maharbi nisan harbi da saurin kisa, amma abin da ya riƙa mayar da shi gida da ransa shi ne sanin daji, da tafiya cikin jama'a, da shirin abin da zai yi idan harbinsa na farko bai kayar da dabba ba. Duk zaɓen makamin da maharbi ya yi a tarihi, a kan wannan tambaya ta harbi na biyu ya gina shi.

Sai an fara yarda cewa dajin ya taɓa wanzuwa. A farkon 1851 Bajamushen matafiyi Heinrich Barth ya taso daga Tasawa ya bi ta Gazawa zuwa Katsina, ya kuma rubuta cewa ya ga sawun giwaye a dajin da ke kan hanyar. Yaƙi ne ya raya wannan daji. Bayan jihadin 1804 sarakunan Katsina na da sun koma Maraɗi, na Daura sun koma Zango da Baure, Damagaram kuma tana ta ƙarfi daga gabas. Tsakanin waɗannan dauloli da masarautun da ke bin Sakkwato sai aka sami faffaɗar ƙasa wadda manomi ke tsoron kafa bukka saboda mahara, namun dawa suka gaje ta. Ragowar wannan daji ne Rugu a ƙasar Katsina da Baban Rafi a kudancin Maraɗi, inda garken giwaye ya ci gaba da kai da kawowa har ƙarshen ƙarni na 20. Tarihin baka ma ya sa maharbi a gaba. Tarihin Kano ya siffanta Barbushe na Dala da ƙaton mafarauci mai kashe giwa da sanda, kuma garuruwa da dama suna danganta kafuwarsu ga wani maharbi da ya sauka gindin tsamiya ko bakin tafki, mutane suka biyo shi. Shi ke fara shiga inda kowa ke tsoro, sai ya tabbatar wurin ya zaunu sannan mai fartanya ya iso.

Makamin wannan maharbi kwari da baka ne, kuma kibiyarsa ba ta da wani kwarjini a ido: siririn kyauro marar gashin tsuntsu, da kan ƙarfe mai kunnuwa wanda in ya shiga nama ba ya fita ta daɗi. Ƙarfinta duka yana ga dafi. Ana samun 'ya'yan kwankwani, a daka, a dafa a tukunya tare da wasu haɗe-haɗe kamar ruwan tinya, a yi ta juyawa har ya yi kauri ya yi baƙi, sannan a shafe wuyan kibiya a bar shi ya bushe. Likita J. M. Dalziel ya ambaci wannan tsiro a littafinsa na sunayen itatuwan Hausa na 1916, kuma masana magunguna sun tabbatar cewa sinadarin da ke cikin 'ya'yansa zuciya yake tsayarwa. Sai dai dafi ba ya aiki nan take. Dole ya bi jini ya isa zuciya, kuma a babbar dabba wannan yakan ɗauki mintoci. Ɓaunar da aka soka tana da isasshen lokacin da za ta juyo ta tattake wanda ya harbe ta kafin ta faɗi. Maharbi ya san haka tun yana yaro mai riƙe wa ubansa kwari, don haka bai taɓa ɗaukar kibiya a matsayin garkuwa ba.

Kariyarsa tana cikin shirin da yake yi kafin ya ja tsirkiya. Yakan karanta sawu da kashi ya san ko dabbar ta daɗe da wucewa, ko tana tare da 'ya'ya, ko tana ɗingishi. Yakan saki ƙura daga yatsunsa ya ga inda iska ta nufa, ya zagaya ta yadda warinsa ba zai riske ta ba. Idan gada ko barewa yake bi, sai ya ɗaura burtu a goshi, ya durƙusa yana tafiya irin ta tsuntsun har ya matso. Idan mai haɗari ce, tun kafin ya harba ya zaɓi bishiyar da zai hau ko surin da zai raɓe. Bayan harbi kuma ba ya bin jini da gaggawa. Yakan zauna ya ba dafi lokaci, don ya san dabba mai rauni a cikin duhuwa ta fi lafiyayya mugunta. Zaki da damisa da kura kuwa galibi da tarko ko rami ake fara kama su, ko a yi kwanto a kan itace kusa da mushe. A farautar gayya, wadda ake fita bayan an kawar da amfanin gona, karnuka ke shan gaban dabba su raba mata hankali, masu gora da adda da mashi suna kewaye. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma a wannan tsari harbi na biyu yana hannun abokin tafiya. Har fitar ma tana da ƙa'ida: bikin buɗin daji da Azna ke yi, irin na Masalata kusa da Birnin Ƙonni, yana nuna cewa akwai lokacin da daji ke rufe ga kowa.

Bindiga ta daɗe a wannan sashe na Afirka, amma ta ƙofar fada ta shigo. Mai Idris Alooma na Barno yana da 'yan bindigar da Turkawa suka horar tun ƙarshen ƙarni na 16, kuma Tarihin Kano ya ce Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. A ƙarni na 19 babu masarautar da ta kai Damagaram riƙon wannan makami a kewayen nan. Sarki Tanimun, wanda ya mulki ƙasar daga 1851 zuwa 1884 a zamansa na biyu, ya tara dubban bindigogi ta hannun fataken Tarabulus, ya sa ana haɗa albarushi ana kuma ƙera igwa a cikin birnin Zandar. Da wannan ƙarfi Damagaram ta riƙe ƙananan ƙasashen da ke kudu da yammacinta, har da Kance. Amma bindigogin na sarki ne, a hannun bayinsa da dakarunsa suke, don yaƙi da kwarjinin sarauta. Maharbin ƙauye yana ganin bindiga yana jin ƙararta, da yawansu kuma suka ci gaba da rataya kwari. Tsada tana cikin dalilan haka, ikon fada ma yana ciki, sannan akwai dalili na uku wanda sai an dubi bindigar kanta ake gane shi.

Bindigar toka, wato adaka, ta baki ake ɗura ta. Maharbi zai tsayar da ita, ya auna albarushi a tafin hannu ya zuba, ya tura tsumma ya danna da sanda, ya zuba dalma ko guntayen ƙarfe, ya sake tura tsumma ya danna, sannan ya gyara wurin da wuta za ta kama. Ƙwararren soja a fili yakan yi haka sau biyu ko uku a minti ɗaya. Mutumin da ke cikin ƙaya, gabansa na faɗuwa, ya fi haka daɗewa. Zakin da ya taso daga taku hamsin kuwa cikin 'yan daƙiƙu yake isowa. Ga hayaƙi mai rufe ido bayan an ja kunama, ga ƙara mai sanar da dabba inda mutum yake, ga raɓa da damina masu sanyaya albarushi har ya ƙi tashi. Idan aka cika shi don neman ƙarfi, bututun yana iya tsagewa ya tafi da yatsu, kuma wannan haɗari ya ƙaru a ƙarni na 20 da maƙera suka koma ƙera ta da bututun famfo da sandar sitiyarin mota. Ba banza ba mutane suka laƙaba mata harba-ka-ruga. Mai baka yana sakin kibiya uku ko huɗu shiru kafin mai adaka ya gama ɗuri ɗaya. Maharban giwa ma da suka karɓi bindiga ba su amince wa harsashinta ba: sango suke zurawa a bututun, wato gajeren mashi mai kaifi da aka shafe da dafi, albarushi ya cilla shi, dafin kakanni ya ƙarasa aikin.

Mai musu zai ce duk wannan yabon dole ne: an hana maharbi bindigar kirki, shi ya sa ya riƙe baka. Maganar tana da tushe. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigar da bindigogin zamani faɗin Afirka daga digiri 20 arewa da ikwaita zuwa digiri 22 kudu da ita, ta bar wa 'yan ƙasa tsohuwar bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. An ga ratar da ke tsakanin makaman biyu a Tirmini a 1899, inda rundunar Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ta kasa tsayawa gaban 'yan tsirarun sojojin Faransa masu bindiga mai ɗurin baya. Bayan nan mulkin mallaka ya sa lasisi a kan bindiga da farauta, Ingila ta yi dokar kare namun daji a Nijeriya a 1916, Faransa ta fitar da tata ta ƙasashen Afirka a 1947. Baturen da ya zo harbin giwa kuwa yana riƙe da bindiga mai baki biyu, ko mai harsashi irin .375 da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912. Babu mai hankalin da zai ce adaka ta kai waɗannan. Amma a dubi abin da bindiga mai baki biyu ke amsawa: tambayar nan ce ta harbi na biyu, aka mayar da ita ƙarfe. Kuma duk da ita Baturen ba ya shiga daji sai da ɗan ƙasa mai bin sawu a gabansa da mai riƙe wata bindigar a bayansa. Makami ya canja, tsarin tafiya bai canja ba.

Hujja mafi ƙarfi tana zuwa daga ƙasashen da ke da beyar, dabbar da babu irinta a dajin Afirka ta Yamma amma take sa maharban Amurka da Kanada irin tunanin da ɓauna ke sa namu. A watan Mayu na 1805 mutum shida daga ayarin Lewis da Clark suka tunkari beyar guda a bakin kogin Misuri da bindigogi masu ɗurin baki. Huɗu suka harba tare, biyu suka riƙe nasu don ko-ta-kwana, amma dabbar ta fatattake su har wasu suka faɗa ruwa, kuma da aka feɗe ta an sami harsashi takwas a jikinta. Shekaru ɗari biyu bayan haka, masana biyu, Tom Smith da Stephen Herrero, tare da abokan aikinsu suka bi diddigin karo 269 da mutane masu bindiga suka yi da beyar a Alaska daga 1883 zuwa 2009. Sakamakon da suka buga a 2012 ya nuna cewa yawan masu jin rauni bai bambanta ba tsakanin waɗanda suka harba da waɗanda ba su harba ba. Dalilan gazawar bindigar su ne rashin lokaci, cijewar bindiga, kuskuren saiti da kusancin dabba. A wani binciken da suka fitar a 2008, feshin barkono ya kori beyar mai ruwan ƙasa a kashi 92 cikin 100 na haɗuwar da aka duba. Wasu sun soki gwama binciken biyu, suna cewa yanayin haɗuwar ba ɗaya ba ne, kuma sukar tana da ma'ana. Abin da ba a musu a kai shi ne shawarar da masanan can ke bayarwa: a yi tafiya a ƙungiya, a lura da iska, kada a shiga tsakanin uwa da 'ya'yanta, kada a ɗauki bindigar da hannu bai saba da ita ba. Dattijon maharbi a ƙasar Kance zai ji wannan ya ce karatun gidansu ne.

Wani kuma zai ce maharba da kansu ba ilimi suke dangantawa da tsirarsu ba, asiri suke faɗa: layu da guraye, rigar da aka ɗinke da layu, baduhu da layar zana. Gaskiya ne haka suke faɗa, malamai kuma sun daɗe suna yi musu wa'azi a kan abin da ya saɓa wa tauhidi. Mai nazarin tarihi ba aikinsa ba ne ya gwada laya, aikinsa ya duba abin da ke tafiya tare da ita. Ba a ba yaro sirrin gida sai ya yi shekaru yana bin manya, kuma kowane sirri yana zuwa da sharaɗi: ranar da ba a fita, dabbar da ba a taɓawa, maganar da ba a yi a daji, wanda ke fara harbi da wanda ke jira. Waɗannan sharuɗɗa su ne makarantar. Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki shekaru yana bin maharban Gow na Sonrai a yammacin Nijar, kusa da iyakar Mali da Burkina Faso, ya fitar da fim ɗinsa na farautar zaki da baka a 1965. A ciki an ga surkulle da kirari, an kuma ga haƙurin dafa dafi, da ɗana tarkon ƙarfe a hanyar zaki, da jerin mutanen da kowa ya san matsayinsa. A lokacin akwai bindiga a ƙasar, amma da makiyaya suka rasa shanu, masu baka suka kira.

Saura mai cewa zancen ya zama tatsuniya tunda namun sun ƙare, kuma ai bindigar ce ta ƙarar da su, wanda ke nuna ta yi nasara. Bindiga tana da nata kason, musamman ta zamani da ake harbi da ita daga kan mota. Amma annobar shanu ta 1890 zuwa 1891 ta kashe ɓauna da gwanki tare da garkunan Fulani tun kafin bindigar zamani ta yaɗu. Zaman lafiyar da ya biyo bayan 1900 ya buɗe dajin kan iyaka ga manoma, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 ya ta da kasuwar gyaɗa, ƙasar Matameye da Magarya ta zama cibiyar nomanta a Nijar. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka ƙarasa abin da ya rage. Gatari da fartanya sun kori zaki fiye da yadda harsashi ya kashe shi. Binciken da aka buga a 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan da suka saura a Afirka ta Yamma duka kimanin 400 ne, mafi yawansu a gandun W da Arli da Penjari, 'yan kaɗan a Yankari da Kainji da Senegal. Nijar ta rufe farauta a shekarun 1970, daga baya dokar 29 ga Afrilu 1998 ta tsara ta da lasisi, ta kuma haramta taɓa dabbobi irin su giwa da raƙumin dawa.

Ƙarewar manyan namun dawa ba ta rufe zancen ba, sai ma ta ƙara masa nauyi, domin bindigar maharbi yanzu mutane take fuskanta. A Nuwamban 2014 maharba da 'yan banga sun taimaka wa sojoji ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram, kuma abin da aka fi buƙata daga gare su shi ne sanin hanya da bin sawu, tunda bindigar baushe ba ta karawa da bindigar soja. A Maris na 2025 an kashe matafiya 16 'yan Arewacin Nijeriya a Uromi ta jihar Edo bayan an ga bindigogin farauta a motarsu, abin da ya nuna cewa makamin da ake ɗauka don kariya yana iya jawo wa mai shi halaka a inda ba a san sana'arsa ba. Dajin Rugu da Baban Rafi kuma sun koma maɓoyar 'yan fashi. A irin wannan hali saurayin da ya sayi bindiga a wurin maƙeri, bai taɓa bin dattijo daji ba, bai san lokacin da ake janyewa ba, haɗari ne ga kansa da abokin tafiyarsa.

Saboda haka hakimai da sarakunan baka na ƙasar Kance, daga Icirnawa zuwa Dungu da Kurni, suna da aiki a gabansu. A rubuta sunayen maharba na gado, a taimaka musu su sami takardun bindiga da na farauta daga hukuma da ma'aikatan gandun daji, a kuma mayar da tsohuwar ƙa'ida cewa ba a miƙa wa yaro makami sai ya yi shekarunsa a bayan manya. Ɗaliban tarihi na jami'ar Damagaram su je su naɗi maganar dattawan da suka rage, waɗanda suka san sawu da iska da sunayen itatuwa, tun suna raye. Bindiga ana saye a kasuwa, sanin daji kuwa sai a bakin wanda ya gada.